Juma'ar da Rediyo Bai Gaishe da Kawu Bawa ba

Ranar wata Juma'a ce, a damina ta uku bayan samun 'yancin kai. Mun taso daga fadamar shinkafa da wuri, muka wanke laka, aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar gidanmu da ke gefen Bagudo. Komai da tsarinsa: da farko Baba ya kwaso baturan da ya shanya a rana tun safe, sannan ya goge akwatin rediyon da hannun rigarsa, daga nan ya murɗa. Bayan la'asar ake shirin gaishe-gaishe, da goge da kalangu, kuma ba a kunna rediyonmu don wani abu sai shi.

Shirin ba wasa ba ne a wurinmu. Kawu Bawa, yayan Inna, yana kamun kifi a ƙetare, cikin ƙasar da ake kira Dahome a lokacin. Idan kogi ya cika hanya takan yanke, don haka aka yi alkawari cewa kowace Juma'a gida biyu za su saurara. In an karanto gaisuwarsa, Inna takan amsa da ƙarfi, "Muna amsawa, Yaya!" A wannan karon ni na rubuta katin gaisuwarmu, domin ina aji uku. Na sanar da Kawu Inna ta sauka lafiya, an sa wa yaron sunansa. Sau biyu na kwafe shi kafin a bai wa direban mota ya kai gidan rediyo.

Amma babu goge ranar, babu gaisuwa. Faya-fayan Turawa aka jera, tsakaninsu tallan sabulu da na sigari. Mai magana ya ce sabon tsari ne, wai masu sauraro suka nema. Baba ya dubi maƙwabtan da suka taru ya ce, "Wa anka tambaya cikinku?" Muka sake jira Juma'a ta biyu, muka jira ta uku. Katina bai fito ba.

Kawu ma yana can yana jira. Ya san watan haihuwa ya wuce, ya ji shiru, sai ya ɗauka ƙanwarsa ta rasu. Ya tuƙo kwalekwale cikin cikar kogi, wadda ko gwanayen masunta ke tsoro, ya shigo gidanmu jiƙe sharkaf don yin ta'aziyya. Ya tarar da Inna tana sheƙar shinkafa, goye da takwaransa. Ya zauna a ƙasa. Washegari Baba ya cire baturan, ya rataye rediyon a cikin rumbu. "Mun riƙe alkawari," ya ce, "su ba su riƙe ba."

Yau jikokina suna kiran Benin, Dahome ta da, ta waya daga kan gado, kuma in tasha ta sauya kiɗa sai su matsa gaba, ko a jikinsu. Ni kuwa har yanzu la'asar ɗin Juma'a takan same ni ina kasa kunne. Kati ɗaya ne kawai, kuma ba su karanta ba.