Cindo Mai Rediyo da Kwamfutar Masunta

Ranar da mutanen Illo suke tuna Cindo da ita, rana ce ta ƙarshen bazara. Hadari ya haɗo ta wajen Binin tun hantsi, ya tsaya bai zubar ba, zafi kuwa ya danne kasuwa har awaki suka shige ƙarƙashin rumfuna.

Shekara talatin Cindo ya yi yana gyaran rediyo a bakin tasha. Bai yi boko ba. Da kunne yake aiki, da hanci, da ɗan ƙarfen narka dalma. Duk abin da ke cin batir a garin, hannunsa ya taɓa bi. Da aka ƙaddamar da shari'a, gidan giyan da ke kallon rumfarsa ya rufe, bayan 'yan shekaru wani Bayarabe mai suna Dare ya kama wurin, ya sa janareto da injin kwafin takardu. Cindo kuwa ya juya bencinsa yadda zai riƙa ganin mai shiga da mai fita.

A kan bencin nan ya ga amininsa Ɗanmaliki, magatakardan ƙungiyar masunta, ya wuce shi da wani abu a naɗe cikin zane, ya shiga shagon Dare. Tsohuwar kwamfutar hannu ce da surukinsa ya sayo masa a ƙetaren iyaka, komai nata da Faransanci. Ɗanmaliki so yake ya rubuta sunayen masu jirage a ciki. Dare ya ce a share na cikin, a zuba mata wata manhaja mai suna Linuks, wadda ba a saye, kowa na iya ɗauka.

Kwana uku ana abu ɗaya. A sa faifai, wani layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar, ya wuce rabi kaɗan, ya tsaya cik. Dare ya sake faifai, ya sake waya, ya kira wani a Birnin Kebbi. Layin bai motsa ba.

Tun ranar farko Cindo ya gane ciwon. Ya shiga wai neman aron ashana, ya ji warin kifin banda na tashi daga jikin kwamfutar, kuma bai ji kukan fanka ba. Ya san Ɗanmaliki a ɗakin banda yake ajiye duk abin da yake ji da shi, don can ne ba a rasa mutum. Can ma ake kunna ta a kalli kokawa. Ya karɓi ashanarsa ya fita. So yake Ɗanmaliki ya tsallako titi da ƙafarsa ya roƙe shi.

Ɗanmaliki bai tsallako ba. A rana ta uku, cikin zafin nan, Cindo ya hango Dare ya ɗaga kwamfutar yana taɓa gindinta da tafin hannu, yana yamutsa fuska. Saura kaɗan ya gano da kansa. Cindo ya miƙe ko takalmi bai sa ba.

"Injiniya, har yanzu jirgin naka bai ƙetare ba?"

"Baba, a tsakiyar gulbi yake tsayawa," in ji Dare.

"Cindo, wanga ba rediyo ba ne," in ji Ɗanmaliki. "Koma ga bencinka."

"Awo, ba rediyo ba ne. Amma kifi ta ci, kuma kai ka ba ta."

Mutanen da suka fake a shagon suka yi dariya. Cindo ya zaro sukundireba daga aljihu, ya buɗe gindin. Fankar ta daskare da kunkunniya da maiƙo, baƙi ƙirin. Ya yi musu bayani a taƙaice: in aiki ya yi nauyi sai ta ɗau zafi, ba iskar da za ta huce, sai ta sume. Ya aika aka samo gashin kaza, ya tsoma a kananzir, ya bi fukafukan fankar ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Ya hura, ta juya.

Dare ya mayar da faifai. Layin ya zo inda ya saba tsayawa, ya wuce. Da ya kai ƙarshe Dare ya danna maɓalli, fuskar ta kawo da Turancin da Ɗanmaliki ke iya tsinta. Ɗanmaliki ya kama hannun Dare da hannu biyu.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Na san kai za ka iya." Sannan ya waiwayo. "Kai ma sannu da shara, Cindo."

Dare ya ce, "A'a, aikin Baba ne," amma a lokacin an fara yayyafi, kowa ya ruga kwashe kayansa. Kafin la'asar labari ya kai bakin gulbi cewa Dare ya koya wa kwamfuta Turanci.

Cindo ya tsallaka titi da gashin kazar a hannu. Daga ranar Dare ya riƙa turo masa duk kwamfutar da ke zafi, yana karɓa yana gyarawa, amma bai sake taka shagon ba. Da Ɗanmaliki kuwa gaisuwa ce kawai a masallaci.

Yanzu idon Cindo ya yi rauni, ya bar gyara. Yana Zagga wajen 'yarsa Husna, kuma sukundirebar tana nan cikin aljihunsa.