Gidan da Tafki Ya Ara

Uban mijina, Don Tacho Tesucún, ya shigo gidana da niyyar yin damina ɗaya. A lokacin ina goyon 'yata ta fari. Yanzu ita ke goyon nata na uku, ni kuwa har na manta yadda ɗakin baƙina yake ba tarin tsoho a ciki.

Garinmu a jikin tudu yake manne, a arewacin tafkin Petén. Duk inda za ka, ko dai hawa kake ko gangara, gwiwa ba ta hutawa. Masu hali a da su ne na bakin ruwa, kuma Don Tacho na cikinsu. Da ƙaron cingam ya gina gidansa. In ruwan sama ya kankama sai ya shige daji da igiya da adda, yana hawa dogayen itatuwa yana tsaga su, ba a ganinsa sai rani. Alfadarai su kwaso ƙaron, jirgin sama ya ɗauke daga garin Flores. Wani ƙudan daji ya cinye masa rabin kunne a can, abin da yake alfahari da shi kamar lambar yabo.

Daga baya Turawa suka koyi yin cingam da roba, kasuwa ta mutu. Ya sayi kwalekwale mai inji yana tsallakar da mutane. Ana cikin haka tafki ya fara tasowa. Tafkin nan ba shi da kogin da yake zubarwa, abin da ya sha sai ya riƙe a ciki. Ya ci bishiyar lemon tsoho, ya ci murhu, ya shigo ɗaki. Ranar da ruwa ya kai ƙafar gado, mijina Chema ya ɗauko uban da buhun kayansa zuwa gidanmu a saman tudu.

Maƙwabtansa duk sun sayar da filayensu, suna dariyar baƙin birni masu sayen ruwa. Shi ya ƙi. Chema ya sha ce masa, "Baba, bari mu yi maka ɗaki a nan baya."

"Ɗakin me? Ina da gida. Ara tafki ya yi. A zamanin kakana ma ya ara, ya mayar."

"To yaushe zai mayar?"

"Kai ka aike shi da za ka yi masa gaggawa?"

Haka muka zauna. Aka zagaye tafki da titi, kwalekwalen haya ya zama abin tarihi. Chema ya koma tuƙa masu zuwa kallon kufan kakanninmu, ni ina wanke zannuwan otal har hannuna ya tsattsage. Tsoho kuwa aikinsa guda: ya karya kumallo da wainar masara da baƙin wake, ya gangara, ya zauna yana kallon inda gidansa yake kwance. In ya hauro sai ya ce, "Fidelina, ya ɗan ja baya." Ni kuma in ce, "Madalla, Baba, ɗaga ƙafa in share." Ba na ƙinsa, Allah ya sani. Na dai gaji da mutumin da yake cin abincina yana min ban kwana kullum.

Sai ga shi, wasa-wasa, ruwa ya janye. Shekarun fari suka jero, daɓen simintin gidansa ya fito da gansakuka a kansa. Ɗan mitsitsi ne, tsakanin otal biyu masu kiɗa. Na zaci zai gani ya haƙura. Ina! Ya tsaya a tsakiya da sandarsa, ya dubi ɗansa ya ce, "Kai mai gaggawa, ina katako?"

Chema ya kafa ginshiƙai, ya yi jinka, ya ɗaura masa ragar kwanciya. Tsoho ya tare. Ƙafafunsa sun riga sun daina hawan tudu, don haka gangarar ta koma kaina, da kwano a hannu safe da yamma. Amma na ga ya yi ƙiba. Har waƙa na ji yana yi.

Bana damina ta zo da ƙarfi. Wata safiya na tarar da shi zaune a bakin daɓe, ruwa na lasar dutsen da nake ajiye kwano.

"Kin gani?" ya ce.

"Na gani, Baba."

"Kada ki gaya wa Chema. Yana da yawan ɗaukar mutane."

"Baba, ai ba ɓoyuwa zai yi ba."

"'Yar nan, na yi miki zaman da ya fi ƙarfin haƙurin kowa, kin kuwa yi. Ba zan ƙara miki ba, ba zan ƙara wa kaina ba. Wancan karon ina da shekarun jira. Yanzu fa?"

Na zuba masa kofi.

Chema yana hanya da baƙinsa, sai ƙarshen mako yake kwana gida, kuma ban gaya masa ba tukuna. Yau da safe sai da na tuɓe takalmi kafin in miƙa wa tsoho abincinsa.