Baƙin Tafin Hannun Baba

Shekarun baya, lokacin da ƙafar mahaifina ta fara ba shi wahala, sai ya kafe lallai in kai shi dutsen Sukur. Maƙeri ne a Sabon Layi, cikin garin Mubi, kuma tun muna yara yake ba mu labarin yadda kakanmu ke hawa can ya sayo ƙarfe a hannun masu narkar da shi. Shi dai bai taɓa zuwa ba. Na yi ta hanya-hanya, ya ce, "Kai, so kake sai na kwanta?" Sai na nemo mota.

Hawan nan ba wasa ba ne. Hanya ce da magabata suka shimfiɗa da duwatsu, tana ta miƙewa sama. Ni da na zo rakiyar tsoho, ni na fara neman wurin zama, ina haki kamar zuga-zugi. Baba kuwa ya ci gaba da hawa. Ƙafar tana rawa, amma ya ƙi a riƙe shi.

A can sama, wani dattijon garin ya kai mu wurin tsohon murhun narkar da ƙarfe. Murhun ya daɗe da mutuwa, ciyawa ta kewaye shi. Baba ya durƙusa, ya tsinci guntun kashin ƙarfe, baƙi ƙirin, ya ce, "Wannan zan kai maƙera, in ajiye kusa da uwar maƙerar babana."

Dattijon ya girgiza kai. "Baba, yi haƙuri, ba a ɗauka. Kowa ya zo ya ɗauka ɗaya, jikan ni zai ga me?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu. "Gaskiyarsa," ya ce. Ya murza guntun a tafinsa har hannun ya yi baƙi, sannan ya mayar da shi daidai inda ya ɗauko.

Muna saukowa la'asar ta yi. Na miƙa masa buta. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa, ya daɗe bai zuba ruwan ba. Sannan ya yi bisimilla ya wanke.

Bai sake fita daga Mubi ba har Allah Ya karɓi abinsa. Na daɗe ina jin haushin dattijon nan. Amma bara na kai ɗana, na nuna masa wurin da kakansa ya durƙusa. Guntayen suna nan. Ban san wanne ne ba, sai na ce ya taɓa duka.