Buhun Gyara a Zongon Lome

Mun tashi da asuba daga Agege, ni da abokin sana'ata, za mu Lome saro atamfa. A iyakar Seme sai ka yi ta gaisuwa da aljihu kafin ka wuce. Daga Kwatano hanya ta yi sumul, teku na hagunmu, bishiyoyin kwakwa sun jeru har muka shiga Togo. La'asar muka sauka Zongo a kan zemijan, wato acaɓarsu, muka ci wake da shinkafa mai yajin da ya sa abokina hawaye.

Washegari Alhamis ina shagon wata Hajiya da nake saye a wurinta. Mun gama ciniki, na tsaya kai da fata sai ta ba ni gyara. Shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa barin gyarata ba. Ta yanko yadi biyu ta miƙo, sai na ji murya a bayana: "Baba Alhaji, gyararka nake so."

Yarinya ce siririya, ba ta wuce sha bakwai ba, idonta ya yi rawaya, tana jan buhu. Na ɗauka bara take, na zaro sefa, kuɗin ƙasar, na ce ta sayi magani. Ta ƙi karɓa. "Nawa maganin babana ya saya. Gyarar kawai."

Hajiya ta yi dariya ta ce sunan yarinyar Ramatu, sikila gare ta. Duk Alhamis takan zaga masu saye ta roƙi gyararsu, ƙyalle ko albasa ko sabulu. Bayan Juma'a a yi gwanjonsu a ƙofar masallaci, a saya wa yaran unguwa masu sikila maganin mako. In buhun bai cika ba, wani yaron zai kwana yana ihu. Na ga dabarar nan take: ba ta taɓa uwar kuɗin kowa. Duk da haka na naɗe yadina na ce sai na yi tunani.

Da azahar aka tsuge da ruwa, sanyi ya sauko. Ciwon ya kama Ramatu a tsakiyar layi, buhun ko rabi bai kai ba. Na gan ta kwance a kan bencin mai koko, ta cije mayafi, zufa na zuba. Mai zemijan ya zo zai kai ta asibiti, ta riƙe bakin buhun tana cewa, "Saura layin 'yan albasa."

Abin da na gani daga nan har yanzu bai bar raina ba. Ba wanda ya yi shela. Masu saye suka riƙa zuwa cikin ruwa, har matan ƙabilar Ewe masu sayar da kifi, kowa na jefa tasa. Sai da buhun ya tsaya da kansa ta sake shi. Yadina ne ya shiga na ƙarshe, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Asabar muka dawo, bayan na ji ta samu sauƙi. Na je Lome ina ganin na iya kasuwa, yarinya mai ciwo ta nuna min inda riba take ɓuya. Jiya wata ta nemi gyara a shagona. Na ba ta, na kuma nuna mata buhun da na rataye a bakin ƙofa.