Tukunyar Inna ce ta gyara min lissafi

Ina zaune a tsakar gidanmu a Anguwan Rogo, takardu baje a kan tabarma, saura kwana huɗu in miƙa aikin kammala digiri. Wajen 2006 ne.

Aikin nawa lissafi ne a kan yadda ƙananan ƙwayoyin jini ke manne wa bangon jijiya su toshe rauni. Matsalar ita ce, amsata ta nuna in mutum ya yanke, sai ya kwana biyu jini na zuba.

Inna na fere dankalin Turawa, wuƙa ta ɗan yanke ta. Kafin in kawo auduga, jinin ya tsaya.

"Ba kai ka ce kwana biyu ba?" in ji ta.

Na ce ai a lissafina kowace ƙwaya ita kaɗai take zuwa ta manne.

Ta jawo tukunyar tuwo ta nuna min cikinta. "Ka taɓa ganin ƙanzo ya kama ɗaiɗai? Inda tukunya ta karce yake farawa, na baya ya kama na gaba, nan da nan ya yi kauri."

Layi ɗaya na ƙara, cewa waɗanda suka riga suka manne su ke jawo wasu. Kwana biyu ya koma 'yan mintoci.

Ranar kare aikin, malamina ya tambaye ni littafin da na samo dabarar. Na ce, "Malam, har yanzu ana tuƙa tuwo a cikinsa."

Ku fa, wa ya taɓa warware muku karatun boko alhali bai taɓa shiga aji ba?