Askar da Na Ajiye a Kasuwar Gummi

Ni wanzami ne a Gummi, sana'ar da na gada. A lokacin da nake ba da labarinsa, mutum ne ni mai tsari, komai nawa da lokacinsa. Sai na fara jin muryoyi suna zagina, alhali ba kowa kusa. Wana ya kai ni asibiti, likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, ya rubuta ƙwaya safe da yamma.

Muryoyin sun yi shiru, amma da farko wuyana ya sandare, daga nan yawu ya riƙa zubo mini, sannan hannuna ya kama rawa. Inna ta ce iska ce. Wani maƙwabci ya ce gubar dalma ce irin ta masu haƙar zinariya na ƙauyen Sunke, ni kuwa ban taɓa daka dutsen zinariya ba. Na rasa na wa zan ɗauka. Abin da na sani shi ne, an daina kawo mini jarirai askin suna.

Sai na yi wa kaina tsari. Kwana uku kafin kasuwa in bar ƙwaya, hannu ya natsu, in yi aski, washegari in koma sha. Da na ga ya yi, na mai da shi kwana biyar. Daga baya na daina gaba ɗaya, ban gaya wa kowa ba.

Wata ranar kasuwa ina aske wani dattijon Bafulatani daga Nasarawa Burkullu, ya miƙa mini wuya yana ba ni labarin shanunsa. Muryoyin suka dawo, suka ce turo shi aka yi ya cuce ni. Hannuna ko motsi ba ya yi. Na ajiye askar a tabarma na tafi, na bar shi da rabin gemu yana tambaya ko lafiya.

Da muka koma asibiti ni da wana, likita ya saurare ni, ya ce: "Malam, mi ya hana ka faɗa mini hannunka na rawa?" Ashe ana iya rage maganin ko a canza shi. Ni na ɗauka abin da aka rubuta ba a taɓa shi.

An canza mini. Rawar ta ragu, sai dai barci da ƙiba. Har yau ban gane ba ko warkewa ce wannan, kuma askin jarirai na bar wa ƙanena. Amma duk mai shan irin wannan magani, in ya dame ka, koma wurin wanda ya rubuta shi. Kada ka yi tsarinka kai kaɗai. Ranar da hannuna ya fi natsuwa ita ce ranar da bai kamata a ba ni wuya ba.