Igiyar Malam Tanimu

Ya kai mai karatu mai daraja, namiji ko mace, wanda Allah Ya nufa idonsa ya sauka a kan wannan shafi nawa: bayan gaisuwa irin ta mutunci da fatan alheri, ina roƙon ka dakatar da yatsanka daga jan fuskar waya, ka ba tsohon magatakardan kotu aron hankalinka. Ban saba rubuta abin da ban tantance ba. Sunaye kaɗai na sauya, kamar yadda ladabi ya tanada.

Wata rana da hantsi na shiga gidan hayata domin duba rufi, sai na tarar da wani dattijo tsaye a tsakar gida, buta a hannun hagu, hannun dama yana laluben iska.

Malam Tanimu ke nan, tsohon tela, wanda ciwon suga ya tafi da ganinsa.

Tun da idon ya rufe aka ɗaura masa igiya daidai ƙugu, daga ƙofar ɗakinsa zuwa makewayi. Ita yake bi. 'Yarsa Asabe ke yi masa komai: abinci, magani, wanki. Wannan tafiya ce kaɗai ya hana ta raka shi.

Ranar nan ya laluba, babu igiya.

Asabe tana cikin ɗaki. Kira ɗaya zai fito da ita. Bai kira ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Na yi sallama, na kama hannunsa. Ya zame a hankali, ya ce ya gode, amma ba ɗan jagora yake nema ba.

Sai na ɗaga kai. Ga igiya can sama da hularsa, an ja ta tsaf, an kafe da sababbin ƙusoshi.

Nan take sabon ɗan haya, Lawandi kafinta, ya fito yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, ni na gyara! Wa ke ɗaura igiyar shanya a ƙugu? Sai akuya ta cinye zannuwan mutane?"

Malam ya sassauta murya don kada Asabe ta ji.

"Ɗana, ba a shanya a kanta. Ni na riƙe hannun yarinyar nan ta koyi tafiya. Ba na so ta riƙe nawa zuwa bayan gida."

Na sha ganin fuskokin masu laifi a kotu. Ban taɓa ganin wadda ta sauya da sauri irin ta Lawandi ba.

Ya ɗauko guduma ya zare ƙusoshin. Ya riƙe bakin igiya ɗaya daidai ƙugu, ni na riƙe ɗayan, muka ja ta ta miƙe. Sannan dukanmu muka juya fuska ga bango.

Malam ya bi igiyarsa, shi kaɗai. Muka tsaya a haka har ya dawo.

Asabe ba ta ko leƙo ba.

Darasi: Abin da ka gani a karkace a wurin mai lalura, ko sanda, ko kujera, ko igiya, wataƙila daidai jikinsa aka auna shi. Tambaya tukuna, sannan ka taimaka.

Ka isar da wannan ga duk mai saurin gyara a cikin danginka.

Game da Lawandi kuwa, kyakkyawar niyya tana rage hukunci, ba ta shafe shi. Na ci shi tara kamar haka: ya mayar da igiya mazauninta, ya kuma ƙera wa Malam madafa ta katako a ƙofar makewayi. Katako nawa, gumi nasa. Kuma ba zai buga ko ƙusa ɗaya ba sai Malam ya nuna masa wurin da hannunsa.